Gambar da muka tuge da hannunmu

Lokacin da nake yaro, babu wanda yake tambayar inda gonarmu ta tsaya. Gamba ce take nunawa. Layi ne guda tun daga bakin burtali har gindin wata tsamiya, wani layin kuma ya ratsa tsakiyar gonar a gicciye, daidai inda gangaren ya fara karyewa. Idan kaka ta yi, mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yakan sa lauje ya yanke ta, a yi zana, a gyara jinkar rumbu, tushen kuwa a bar shi a ƙasa ya jira ruwa. Ban taɓa jin ya ce don zaizayar ƙasa ya bar ta ba. A wurinsa iyaka ce kawai, da kuma zanar da ba sai ya je kasuwa ya saya ba.

Da ya rasu aka raba gado, gonar ta koma ƙanana. Kowa ya dubi kasonsa ya ga ya yi masa kaɗan, sai ido ya koma kan gambar nan da ta tare wurin kunya biyu. Muka sa diga muka tuge ta. Ina cikin waɗanda suka riƙe digar, kuma na tuna yadda muka sha wuya kafin tushe ɗaya ya fita, saboda saiwar ta kama ƙasa gam. Da muna da lura, wannan wuyar kaɗai ta isa ta faɗa mana aikin da take yi a wurin. Damina uku bayan nan sai wata 'yar hanyar ruwa ta bayyana a tsakiyar gonar, wadda yaro ma zai tsallake. Yau idan babban mutum ya shiga cikinta ya ɗaga hannu, wanda ke kan gaɓa ba zai ga yatsunsa ba. Ta cinye kusan rabin kason ƙanena, ta haɗe da burtali, kuma bakinta ya nufi maƙabartar garinmu.

Wannan ba labarin ƙauyenmu kaɗai ba ne, can kudancin Jigawa. Duk wanda ya bi ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram da Dutse, ko ya shiga ƙasar Kano ta Kiru da Ƙaraye, ya ga irinsa. Kuma duk inda ka tsaya a bakin kwazazzabo, magana ɗaya za ka ji: gwamnati ta zo ta kawo ɗauki. Mu ma mun rubuta takarda, an zo an duba, an ɗauki hoto, an tafi. Ban ce kada a nema ba, haƙƙinmu ne. Akwai ramukan da sun fi ƙarfin talaka, irin na Bulbula da Gayawa a gefen birnin Kano, wanda ya ci gidaje, kuma babu mai hankalin da zai ce a tare shi da ciyawa. Wannan aikin injiniya ne da kankare. Amma ra'ayina shi ne mun ɗora dukkan fatanmu a kan siminti, muka manta cewa kwazazzabo ba a bakinsa yake farawa ba. Daga saman gona yake farawa, a wurin da babu ɗan kwangilar da zai taɓa zuwa, kuma a can maganinsa ciyawa ce mai dogon saiwa.

Kuɗin da ake warewa ba ƙarami ba ne. Tun 1981 akwai asusun kula da muhalli na tarayya. A 2012 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, a ƙarshen 2021 kuma ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar noma a yankunan da ke fama da fari, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Kuɗin Bankin Duniyar nan bashi ne, 'ya'yanmu za su biya. To ko da an kashe kowace kwabo bisa amana, magudanar kankare nawa za su gina? Ƙauyuka nawa ne a Kano da Jigawa kaɗai da ruwa yake cin gonakinsu? Idan muka zauna jiran layi ya zo kanmu, gonar za ta riga mu tafiya.

Mu duba yadda ruwan yake yi mana. Daminarmu gajera ce, wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, kuma mafi yawan ruwan a Yuli da Agusta yake zuba, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya. Ruwan farko kuwa a kan ƙasa tsirara yake sauka. Mun kwashe kara mun kai gida don danni da girki, mun ɗaure harawa mun ɗora a kan bishiya, dabbobi sun lashe abin da ya rage, sannan da bazara muka yi shara muka cinna wuta. Ƙasar tamu kuma jigawa ce, rairayi ne da ba ya riƙe juna. Ɗigon ruwa ya bugi ƙasa ya wartsaka ta, ruwan ya taru ya fara gangarawa, yana tafiya yana ƙara gudu, yana ƙara gudu yana ƙara ƙarfin ɗaukar kaya. Abin da yake fara ɗauka kuwa shi ne mafi tsada a gonar: ƙasar sama, mai takin da ka ɗauko a amalanke tun rani, da buhun takin zamanin da ka ci bashi ka saya. Manomi sai ya ce ƙasa ta gaji. Sau da yawa ba gajiya ta yi ba, tafiya ta yi.

Magudanar kankare tana kwashe ruwa ne ta kai shi gaba da sauri, ta sauke wa na ƙasa. Layin ciyawa kuwa tare shi yake yi ya rage masa gudu. Ruwan ya zo ya tarar da tushe a jere babu kafa, sai ya bazu a bayansa, ya ajiye lakar da ya ɗauko, wani ya nutse cikin ƙasa, sauran ya tsiyaye ta tsakanin ganye a hankali. Shekara biyu, uku, sai ka ga ƙasa ta taru a bayan layin ta yi tudu kamar matakala, ciyawar kuma tana ƙara tashi a kan lakar da ta tara. Kankare tun ranar da aka gama shi yake fara tsufa. Ciyawa kullum ƙara ƙarfi take.

A cikin ciyayin da ke wannan aiki, wadda duniya ta fi yarda da ita ita ce wadda Turawa ke kira betiba. Asalinta daga Indiya ne. Saiwarta ba ta yaɗuwa gefe ta shiga cikin shuka, ƙasa take nufa kai tsaye, kuma a wuri mai kyau tana iya kai mita 3 zuwa 4 cikin shekara guda, a cunkushe kamar soson wanka. Idon da take tohowa yana ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ko gobara ta bi ta kai, ko shanu sun cinye ganyen, da ruwa ya sauka sai ta dawo. Manoman rake a tsibirin Fiji sun yi amfani da ita tun shekarun 1950, Bankin Duniya ya yaɗa ta a Indiya a shekarun 1980, Sarki Bhumibol na Tailan ya ɗauki abin da kansa daga 1991 har ya zama aikin ƙasa, ana shuka ta a gonakin Habasha, kuma masana a Jami'ar Ibadan sun gwada irinta a gonakin gangare sun ga ta rage ruwan da ke gudu da ƙasar da ke tafiya. Abin da ya girgiza ni shi ne ranar da wani malamin gona ya nuna mini hotonta a wayarsa. Na ce masa, ai wannan jema ce. Ya ce 'yar'uwarta ce, jinsi ɗaya ne, wannan ta Indiya, tamu kuma ta Afirka. Jemar nan da ke fadamunmu, wadda ake saƙa da ita, wadda saiwarta ke da ƙamshi, ashe danginta ne ake kafa wa cibiyoyi a wasu ƙasashe, mu kuwa muna ƙone ta don mu faɗaɗa wurin shinkafa.

Akwai bambanci tsakaninsu da ya kamata a sani. Irin Indiya da ake rabawa don wannan aiki yawanci ba ya yin ƙwayar da ke tsirowa, sai dai a raba tushe a dasa, don haka ba ya zama ciyawar da za ta addabi gona. Jemarmu tana yin iri, kuma ta fi son wuri mai laima. Abin da na gani da idona shi ne a gaɓar rafi da gindin gangare da cikin ƙananan hanyoyin ruwa jema ta fi kamawa, a kan tudu mai rairayi kuwa gamba ba ta da na biyu, domin ta saba da fari tun fil azal. A Burkina Faso ma gamba suke shukawa a jikin layukan duwatsun da suke jerawa a gonaki. Saboda haka ban ga dalilin da za mu zauna jiran a kawo mana iri daga waje ba. Idan an kawo, madalla. Kafin nan, abin da ke hannunmu ya isa a fara.

Gwajina na farko bai yi ba. Na haƙo jema daga fadama a ƙarshen Satumba, ruwa yana shirin ɗaukewa, na dasa ta da tazara kamar ina shuka dawa. Rabi ya bushe kafin sanyi ya shigo, abin da ya toho kuma awaki suka tuge shi tun saiwa ba ta kama ba. Wanda ya tsira ma da damina ta dawo sai ruwa ya bi ta tsakanin tushe da tushe, ya haƙa sababbin hanyoyi. A nan na gane cewa layin da ke da giɓi ya fi rashin layi haɗari, saboda yana tara ruwa ne ya tura shi ta ƙofa ɗaya.

Shekara ta biyu na jira har ruwa ya zauna, a farkon Yuli. Na aro tiyon roba mai haske, irin wanda magina ke gwada daidaiton gini da shi, muka cika shi da ruwa, ni da ɗana muna riƙe da baki ɗai-ɗai, muna kafa turaku a duk inda ruwan ya tsaya daidai. Layin da ya fito ba miƙaƙƙe ba ne, ya yi ta lanƙwasa yana bin jikin gangaren, har maƙwabta suka tsaya suna kallo. Muka ja 'yar kwari da fartanya a kan turakun. Tushen jema kuwa muka raba shi ƙanana, kowane da kara biyu ko uku, muka datse ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya, muka rage saiwar, muka jera su kusa da kusa, tazarar da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, muka take ƙasar da dunduniya. Inda aka yi kwana biyar babu ruwa, da jarka muka bi su. Duk wanda ya mutu kuma muka cike gurbinsa a makon, muka kewaye da ƙaya saboda awaki. A saman gonar, inda ƙasa ta fi bushewa, gamba muka mayar a wurin da muka tuge ta.

A cikin markar Agusta ta shekarar da ta biyo baya aka kwana ana ruwa. Da asuba bayan na fito masallaci na wuce gonar. A bayan layin jemar na tarar da laka baƙa, mai laushi, ta kwanta, na tura yatsana ya nutse har gaɓa ta biyu. A cikinta akwai kashin awaki da ɓurɓushin takin da muka watsa a saman gonar tun watan Mayu. A da duk wannan yana cikin kwazazzabo kafin gari ya waye. Na daɗe a tsugune a wurin.

Baffana, ƙanen mahaifinmu, yana cikin waɗanda ba su yarda ba da farko, kuma maganganunsa ba na banza ba ne. Ya ce mini, “Ɗan nan, kana tara wa kanka macizai da ɓeraye a tsakiyar hatsi. Kuma gonar da ba ta kai ta ciyar da gida ba, ita za ka ƙara yanka wa ciyawa?” Na ce, “Allah Ya ja kwananka Baffa, lokacin da kuke noma da Baba, gambar nan tana nan, hatsinku ya ragu?” Ya yi shiru, sannan ya ce a lokacin gona tana da faɗi. Gaskiyarsa ce, kuma nan ne ainihin damuwar take. Mutumin da kasonsa bai kai kadada ɗaya ba, kowace kunya tuwon kwana ce a wurinsa. Amma layin jema idan ana yankansa bai fi faɗin kunya ɗaya ba, ƙanena kuwa da muka ƙara masa kunya biyu ya rasa rabin gona. Batun maciji kuma maganinsa lauje: a riƙa yanke ta tana guiwa, kada a bari ta yi duhu, ganyen a shimfiɗa a gona ko a kai wa dabba tun yana ɗanye.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba maciji ba ne, mutum ne. Saiwar jema tana da ƙamshi, ana nemanta, har a ƙasar Haiti man da ake tatsa daga saiwar betiba babbar sana'a ce da ake kai wa masu haɗa turare na duniya. Ranar da aka fara haƙe layin da ke riƙe gangare don a sayar da saiwa, an bar rami a daidai inda ruwa ke nema. Wanda ke son saiwa ya ware mata wuri daban a fili mai kwance. Haka kuma masu tifa da ke kwasar yashi a gindin gaɓa: babu ciyawar da za ta riƙe gaɓar da ake yashe mata ƙafa kullum.

Sannan ruwa bai san iyakar gona ba. Idan na dasa, na sama da ni bai dasa ba, duk ruwan gonarsa a kaina zai sauka da ƙarfinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan aiki ne na gangare guda, daga tudu har rafi, kuma wanda zai iya tara masu gonakin gangare guda a zaure ɗaya shi ne mai unguwa da dagaci, ba wani jami'i daga Dutse ko Kano ba. A zaman nan dole a kira makiyaya. Yawancin manyan ramukan da na sani a kan burtali suka fara, saboda mun matse hanyar da gonaki har shanu suka koma bin siririn wuri guda, kofato ya daka ƙasar, ruwa ya samu hanya. Idan aka mayar wa burtali faɗinsa, aka dasa gamba a gefensa, aka yi yarjejeniyar a kiyaye dashen a daminar farko, makiyayi ma ya samu, don gamba abincin shanu ce mai kyau. In ba a yi da su ba, layin ciyawar zai zama sabon abin rigima, kuma muna da isasshe.

Mutanen ƙasa da mu ma abin ya shafe su. Ƙasar da ta bar gonaki ba ɓacewa take yi ba, a gindin koguna da madatsun ruwa take kwanciya, irin su Tiga da Challawa. Kogin Haɗeja ya cika da yashi da kacalla, ruwa ya rasa hanya, kuma duk mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja. Ban ce zaizayar gonaki ce kaɗai ta jawo ba. Amma kuɗin da ake kashewa wajen yashe kogi, wani ɓangarensa kuɗin kwashe ƙasar gonakinmu ne da muka bari ta tafi.

Abin da nake nema daga hukuma bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba. Babbar matsalar wanda ya yi niyya ita ce iri, domin layi mai tsawon mita 100 yana cin dashe kusan 1,000, kuma idan kowa ya faɗa fadama yana haƙa, za mu kashe wuri ɗaya don mu gyara wani. A samar da gonar iri a kowace mazaɓa, kusa da ruwa, a raine ta da rani, tushe ɗaya ya haifi gomomi, a raba wa manoma a farkon damina, ba a ƙarshenta ba. Malaman gona na JARDA da KNARDA, hukumomin bunƙasa noma na Jigawa da Kano, su koya wa matasa awon gangare da tiyo, aikin yini ɗaya ne. Duk ɗan kwangilar da ya yi hanya ya sako bakin kwalbati cikin gonakin mutane, a sa masa a takardar kwangila cewa sai ya dasa jema a bakin da gefen hanyar, kuma kada a biya shi kuɗin wannan ɓangaren sai an ga ta rayu bayan damina ta biyu. Mun sha ganin bikin dashen itatuwa da ake yi da rumfa da lasifika, bayan wata uku babu ko ɗaya a tsaye. A daina ƙirga abin da aka dasa, a ƙirga abin da ya rayu.

Kwazazzabon gonarmu yana nan, jema ba ta cike shi ba, kuma ba na sa ran za ta cike shi a rayuwata. Abin da ya canja shi ne kansa ya daina hawowa tun da ruwan da ke zubo masa ya ragu. A cikin ƙananan rassansa mun jera buhunan yashi, muka dasa jema a bayansu, laka ta fara taruwa. Ɓangaren da ya nufi maƙabarta shi ne har yanzu yake hana ni barci, domin gonaki huɗu ne ke zuba ruwa a cikinsa, biyu kawai suka dasa. Ranar Juma'ar da ta wuce Baffa ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce in ruwa ya zauna in haƙo masa tushe daga nawa, kuma shi zai yi wa sauran biyun magana a gaban dagaci. Na ce masa to, amma ya turo jikokinsa da jarka, don a makonnin farko sai an bi ta da ruwa.